Hannun da Ya Danna Ƙirjina

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai bar ni a hannun mutane ba.

Sunana Rahila, an fi sanina da Maman Talatu. A ƙasar Gummi aka haife ni, aure ya kai ni wajen Bukkuyum. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara fito mini, don kada in ba wani ya rubuta ya rage masa gishiri. Na taɓa tsayawa gaban ikilisiya na ba da shaida a kan wannan magana. Waccan shaidar ƙarya ce. Ni ban sani ba a ranar, amma akwai waɗanda suka sani, suna zaune suna tafa mini.

Maigidana ma'aikacin jinya ne a wani asibiti da ba zan kira sunansa ba. Ba likita ba ne, amma duk gari Dokta ake ce masa, shi kuma bai taɓa hanawa ba. A shekarun nan da gubar dalma ta yi ta cin yara a ƙauyukan Anka, masu ba da horo suka yi ta zuwa ƙasarmu, daga wannan bita sai waccan. A ciki aka yi wata ta farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma shi aka tura. Ni na wanke masa fararen kayansa na goge, na soya masa ƙuli-ƙuli na guzuri.

Ya dawo bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce ashe zuciya tana iya tsayawa mutum bai gama mutuwa ba. In aka kwantar da shi aka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, da sauri, ba hutawa, ana hura masa iska, jini zai ci gaba da zagayawa har Allah ya sa zuciyar ta tashi. Ya ce abin da ke kashe mutum shi ne jinkiri. Sai ya ɗauki matashin kai ya ajiye a tabarma, ya durƙusa ya ɗora hannu kan hannu yana dannawa yana haki.

Na ce, "Malam, mi matashin nan ya yi maka?"

Ya ce, "Ke dai yi dariyarki. Wata rana hannun nan zai tsamo wani daga bakin kabari."

An ba su wani mutum-mutumin roba, rabin mutum, ba hannu ba ƙafa. Da shi ya riƙa koya wa ƙananan ma'aikata a asibitinsu. Ina alfahari da shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da kaka muna cirar gyaɗa, da hantsi, na kai hannu zan ɗaga tarin harawa, gobe-da-nisa ta sare ni a idon sawu. Aka ɗora ni a babur zuwa asibitin da yake aiki. Inna, mahaifiyarsa, ta biyo mu, tare da Uwar zumuntarmu, shugabar matan majami'a, da wasu mata. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka zuba maganin dafi a ciki. Abin da na iya tunawa, jikina ya ɗauki ƙaiƙayi, maƙogwarona ya fara rufewa kamar lomar tuwo ta tsaya mini, rufin ɗakin ya yi duhu. Ashe jikina ne bai karɓi maganin ba. Daga nan ban san komai ba.

Na farka ƙirjina kamar an daka ni a turmi. In na ja numfashi sai in ji kamar ana soka mini wuƙa. Mata suna kewaye da gadon suna waƙa a hankali. Uwar zumunta ta sunkuyo ta ce, "Rahila, kin tafi kin dawo. Zuciyarki ta tsaya cak. Ki gode wa Allah, ki gode wa Dokta."

Na juya ido na neme shi. Yana tsaye bakin taga, ya ba ni baya. Na ce a raina, kunya ce, Inna tana wurin.

Daga baya aka ce mini haƙarƙarina sun tsage wajen dannawa. Na ce ba komai, su karye ma gaba ɗaya, tunda hannun mijina ne.

Da na samu sauƙi muka yi sujadar godiya a majami'a. Kun san ni, bakina ba shi da linzami, ban taɓa durƙusa wa namiji a bainar jama'a ba. Amma ran nan na taka har inda yake zaune a gefen maza, na zube gwiwa biyu, na ce Allah ya yi amfani da hannun bawansa ya fisge ni daga mutuwa. Majami'a ta ɗauki guɗa. Fasto ya kama hannuwansa biyu ya ɗaga ya yi musu addu'a. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Inna tana share hawaye da bakin mayafi. Uwar zumunta ce ta tayar da waƙa.

Bayan nan na riƙe mutumin nan kamar ƙwai. Faɗan da na saba yi na daina. In yana cin tuwo sai in zauna ina kallon hannunsa, ina cewa wannan ne. In ya ga ina kallo sai ya ce in tashi in kawo ruwa, alhali ga ruwa a gabansa.

Rani ya shigo, na je kasuwar Gummi sayen daddawa. Na bi ta layin masu nono, sai na ji wata ta ce, "Ke, mai maciji. Gawa ta zo cin kasuwa?"

Na juya a fusace. Wata dattijuwar Bafillata ce, Dudu sunanta. Ita ce take kwance a gadon da ke kusa da nawa, da gyambo a ƙafa. Muka gaisa, ta cika mini ƙwarya ta ce in sha ba kuɗi, ba kullum take ganin wanda ya dawo daga lahira ba. Sai ta ce, "Ina ɗiyar nan taki? Kina zuwa gaishe ta ko?"

Na ce, "Wace ɗiya?"

"Wadda ta hau kanki mana. 'Yar siririya, mai farin hijabi."

Na ce, "Ai maigidana ne ya yi aikin."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Wane maigida? Dogon nan mai farar riga? Shi da ya tsaya kamar an kafa turke?"

Na zauna a ƙasa nan gabanta, cikin rana, na ce ta faɗa mini duk abin da idonta ya gani.

Ta ce lokacin da na daina motsi, shi ne ya fara zuwa. Ya taɓa wuyana, ya ce da bakinsa, "Zuciyar ta tsaya." Nan take tsohuwa, wato Inna, ta shafe mini ido, ta kwance zanen da ta yafa ta rufe ni har kai, ta fara neman ƙyallen da za ta ɗaure mini haɓa. Matan sunka fasa kuka. Ta ce, "Na ga ya haɗa hannuwansa haka, ɗaya kan ɗaya, ya matso. Sai ya dubi tsohuwa. Sai ya sauke su. Ya koma bakin ƙofa."

Ta ce can sai yarinyar ta shigo a guje, ta ce, "Oga, a fara dannawa." Shi kuma ya ce, "Inna ta riga ta rufe ta."

Yarinyar ta fisge zanen ta jefar, ta yage mini riga, ta haye gadon da gwiwoyinta ta fara dannawa. Inna ta cire takalmi ta riƙa zabga mata a baya tana cewa, "Ɗiyar wa ce wagga? Gawar ma ba za ku bari ta huta ba? Ku sauke ta, tana wulaƙanta mana gawa." Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba, tana dannawa tana kiran a kawo jakar hura iska, a kawo allura, a kira likita. Wani ma'aikaci ya zo ya kama mata, likita ya iso. Dudu ta ce, "Daga gadona na ji ƙashi ya ce ƙas. Na ce to, sun ƙarasa ta. Can sai kika yi tari."

Na ce, "Shi fa?"

"Shina nan bakin ƙofa har anka gama." Ta ɗauki ludayinta ta ce, "Mu Fulani mun san kunya, mu munka haife ta. Amma in saniya ta faɗa rijiya ba a tsayawa gaida surukai."

Ban sayi daddawar ba.

Ban wuce gida ba, asibiti na nufa. Na tambaya aka nuna mini ita. Rabi sunanta, Musulma ce, ba ta girmi ɗiyata Talatu da komai ba. Da ta gan ni ta rusuna ta ce, "Mama, ya jiki? Haƙarƙarin sun daina ciwo? Ki yafe mini, na danna da ƙarfi."

Na ce, "Ke ce ashe."

Ta kama wasa da bakin hijabinta. Sai ta ce, "Mama, don Allah ki bar maganar. Oga ne fa ya koya mini. Duk abin da na yi daga hannunsa na gani. Shi ne yake ce mana in zuciya ta tsaya kada mu nemi izinin kowa, ko sarki ne a ɗakin."

Na ce, "Kin ji an yi godiya a majami'a, an ɗaga hannunsa?"

Ta ce ta ji. Ta ce ita dai ina numfashi, ya ishe ta.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yarinya ta sha takalmi a gadon baya saboda ni, ko ƙwaryar gyaɗa ba wanda ya kai mata, ni kuma ina can ina durƙusa wa wanda ya tsaya a ƙofa.

Daga nan na je gidan Uwar zumunta. Na tarar tana tankaɗe. Na ce, "Mama, kina ɗakin ko ba kya ɗakin?"

Ta gane. Ta ajiye rariya ta ce in zauna. Na ƙi.

Ta ce, "Rahila, asirin gidanki muka rufa. Kuma ki duba, mu nawa ne a garin nan? A ce masu bi sun tsaya kuka, ɗiyar Musulmi ta yi aikin? Da wane ido za mu shiga kasuwa?"

Na ce, "Da idon da kika kalle ni ina durƙushe, kika tayar da waƙa."

'Yan'uwa mata, da ku nake. Mun yi shekaru muna ɗaura zane iri ɗaya, muna zama benci ɗaya, na yi muku wankan jego, na yi muku girkin biki da na makoki. Ba wadda ta ja ni gefe ta raɗa mini. Sai baƙuwa mai tallan nono.

Na isa gida da la'asar, yana zaune ƙarƙashin darbejiya yana jin rediyo. Fiye da shekara ashirin muna tare ban taɓa kiran sunansa ba. Ni ma 'yar kunya ce, ko sunan ɗana na fari ba na faɗa. Ran nan na tsaya a kansa na ce, "Ishaya."

Ya kashe rediyon.

Na ce, "Wa ya karya mini haƙarƙari?"

Ya ajiye rediyon a ƙasa. Sai ya ce, "Maman Talatu, Inna tana wurin. Matan zumunta suna wurin. Yaya zan haye kanki in buɗe miki ƙirji a gaban uwata? Kuma da hannunta ta rufe ki. In yaye abin da Inna ta rufe?"

Na ce, "Da na mutu, da kunyarka ta cika, a yabe ka a wurin gaisuwa."

Ya ce, "Hannuna ne ya ƙi. Na ɗaga shi ya ƙi."

"A kan roba bai taɓa ƙi ba. To, na ji wannan. Ran godiya fa? Ran nan ma hannunka ne ya ƙi, ko bakinka?"

Ya ce, "Ban taɓa cewa ni ne ba. Su suka faɗa."

Wannan maganar ta fi sarar macijin zafi. Na shiga ɗaki na ɗaure kayana, na tafi gidan yayana a Gummi.

Zan faɗa muku gaskiyar yadda na zauna can. Na daina addu'a. Na daina zuwa sujada. In na ji waƙar zumunta daga nesa sai in toshe kunne. In na tuna fuskar Inna sai in tsine mata a raina, tsohuwar da na yi wa wanka lokacin da ta kwanta ciwo. Na rame. Maciji bai kashe ni ba, amma ga wani dafin yana cina a hankali, kuma wannan ba shi da allura a asibiti. Ishaya ya yi ta zuwa biko, in na ji ƙarar babur ɗinsa sai in shige bayan gida. Yayana ya yi magana har ya gaji. Ya ce, "Ke, namiji ne fa, kunyar uwarsa ya ji, ba ƙinki yake ba." Na ce to ya je ya auri kunyar.

Har da Allah na yi fushi. Na ce ya dawo da ni ne don a yi mini dariya.

Wata ranar Lahadi duk gidan sun tafi majami'a, ni kaɗai ina surfe. Na ɗaga taɓarya sai haƙarƙarin nan suka soke ni, har na zube a gindin turmi. Tunda na riga na kai ƙasa, na ce bari in faɗa masa abin da ke raina. Ba addu'a mai kyau ba ce irin ta Fasto. Faɗa na yi. Na ce, "Yesu, ka ga abin da suka yi mini. Mijina ya auna raina da kunyar uwarsa, kunya ta fi nauyi. Mutanenka sun auna ni da surutun kasuwa, surutu ya fi nauyi. To a wurin wa nake da nauyi?"

Ban ji murya ba, kada in ƙara muku wata ƙaryar. Amma ina nan durƙushe sai wani abu ya faɗo mini a zuciya, abin da na sha ji tun ina yarinya ban taɓa tsayawa a kansa ba. Ranar da aka gicciye shi, an tuɓe masa tufafi a gaban jama'a, mahaifiyarsa tana tsaye tana kallo. Ya ga uwarsa. Bai ce a dakata ba, bai koma bakin ƙofa ba. Ya sha kunyar nan gaba ɗaya a gaban idonta, saboda ni.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na binne mahaifiyata. Na ce, "Ashe akwai wanda bai ji kunyata ba." Da mutanensa suka tsaya, ya aiko ɗiyar wasu ta haye gadon. Yabo ya tabbata gare shi!

Na tashi daga gindin turmin nan nauyin ya sauka. Ban ce ciwon ya tafi ba. Amma tsinuwar ta fita daga bakina, kuma na ci abinci na ƙoshi.

Da Ishaya ya sake zuwa ban ɓuya ba. Na shimfiɗa masa tabarma na ce, "Na yafe maka, ba don ka cancanta ba. Amma ba zan koma in zauna a kan ƙarya ba. Inda aka ɗaga hannunka, nan za ka tsaya ka sauke shi."

Ya ce, "Kin san abin da zai jawo mini? A gaban Inna?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. A gaban Inna."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Har damina ta faɗi ban ji daga gare shi ba, na ce shi ke nan, ya sake zaɓa. Sai wata rana ya aiko Talatu ta ce in zo sujada ranar Lahadi.

Ya tashi bayan wa'azi. Ya ce, "Ba ni na farfaɗo da matata ba. Na san aikin, ni nake koyar da shi, amma na tsaya. Wata yarinya ce ta yi, sunanta Rabi. Na karɓi godiyar da ba tawa ba." Inna ta ja sandarta ta fita tun bai gama ba.

Na koma ɗakina. Ina dafa masa tuwo, muna hira, wani lokaci har da dariya. Inna har yau cewa take addu'arta ce ta tashe ni, na bar ta, ina kai mata kunu kowace safiya. Uwar zumunta tana amsa gaisuwata da ka. Rabi kuwa na ɗauke ta ɗiya, ranar aurenta ni na tuƙa tuwon.

Na roƙe ta ta koya mini dannawar, ni da Talatu, ta koya mana. Rannan a tsakar gida, yana zaune yana ji, na ce wa Talatu, "In na sake faɗuwa kada ki dubi fuskar kowa, ko ta babanki. Ki hau kawai." Ya san ba baƙar magana ba ce.

Ina gode wa Allah da ya dawo da numfashina, ya kuma cire mini dafin da ya fi na maciji. Ku da kuke ɗauke da irin nawa ciwon, wanda na gida ya yi muku, ku kai masa ko da faɗa ne, yana ji. Ku ƙaunaci mazanku, ku girmama iyayenku, amma ranku kada ku ba kowa ajiyarsa. Ku ba Yesu. Shi kaɗai na samu wanda bai tsaya duba fuskar kowa ba kafin ya cece ni.

Amin.